Dutsen Sama Ya Kai Ni Dogon Kiriya

A shekarar da rediyo ta fara maganar wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, wanda aka ce wataƙila wata rana ya faɗo wa duniya, babu wanda ya ci moriyar labarin a kasuwar Dogon Dutsi kamar ni. Ni tela ne, kuma bakina ya fi kekena gudu. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da nake yi wa ɗinki shi ya fayyace mini abin. Ya ce in dutsen ya sauka kan gari, ba faɗuwarsa kaɗai ce masifar ba. Iskar da zai turo za ta kwantar da gidaje kamar an tattake karan gero, zafinsa ya cinna wa rumbuna wuta tun bai taɓa ƙasa ba, inda ya dira ya bar rami, ƙurar da ya tayar kuma ta rufe rana har shuka ta ƙi yi. Ya ƙara da cewa amma da wuya ya same mu.

Wannan ta ƙarshen na sa almakashi na yanke ta na jefar. Kafin azahar dutsen ya kai girman tsaunin garinmu. Kafin la'asar ya haifi 'ya'ya. Na ce in ka saki guga a ramin, sai jikanka ya ji ƙarar saukarsa. Na ce mutanen Tibiri za su tsinci tukwanensu a Sukukutane da tuwo a ciki, ko hucewa bai yi ba. Aka yi ta dariya. Wani matashin ɗan kasuwa ya ce in ji tsoron Allah. Amma ba wanda ya ce mini, "Ƙarya kake, bawana." Mutum ɗaya ne a duniya yake faɗa mini haka, kuma shekara huɗu rabonsa da faɗi.

Taubashina ne, ɗan kawuna, manomi a Dogon Kiriya. A wurinmu taubashi ya zage ka tas, kai ma ka rama, ba mai fushi. Tun muna yara nake ce masa kansa kamar an fara sassaƙa turmi an fasa, shi kuma ya ce ranar da aka raba gaskiya ina bayan gida. Da matarsa ta rasu na je gaisuwa, na tarar da shi zaune cikin mutane. Na so in ɗaga shi kamar yadda taubashi ke yi, na ce, "Baiwar Allah ta gaji da minsharinka, ta yi yajin da ba biko." Wasu suka murmusa. Shi bai yi fushi ba, al'ada ba ta ba shi wannan damar ba. Sai ya fara girmama ni. Tun daga wannan rana, sunana ya koma Malam. In mun haɗu wurin suna ko biki, ya gaishe ni hannu biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya wuce.

Kwana biyu da fara yaɗa labarin dutsen, wata tsohuwa mai ƙosai ta tsaya bakin shagona, ido ya yi ja. Ta ce, "Tela, in na taɓa yi maka laihi ka yahe min, tunda dutsen ga na tahe." Ashe tun safe take bin maƙwabta tana neman gafara, kamar mai shirin tafiya Makka. Na ji kunya, na ce mata wasa nake. Amma da ta tafi na zauna na kasa taka keke. Na samu dalilin zuwa Dogon Kiriya.

Motar hayar da na shiga ta ɗebi mutum ya kai rabin gari, da akuyar da ta yi ta kallona kamar ta san abin da na yi. Sau uku muna sauka muna turi cikin rairayi.

Na same shi gindin gawo yana saƙar zana. Ya miƙe tsaye.

"Marhabin, Malam. An taho lahiya?"

Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Na sauke masa dutsen gaba ɗaya, da iskarsa da wutarsa da 'ya'yansa, sannan na ce, "Kuma an auna, bisa gonarka za shi sauka, don ita kaɗai ce ba abin ɓatawa ciki." Na jira. Na buɗe masa ƙofa wagaga, ko jaki da kaya ya shige.

Ya ce, "Allah shi kiyaye."

Sai na ajiye wasan. Na ce, "Ɗan kawu, gahwara ni taho nema. Maganar ran nan."

"Wane laihi? Taubashi ba ya laihi. Na yahe maka tun ranar, duniya da lahira."

"To ka zage ni mana."

Ya daɗe yana jan kara cikin zanar. Ya ce, "Ai in na zage ka, ita ka dariya. Daga bayan darni nike jiyo ta. Yanzu in zage ka wa za shi ji?"



Ya sa aka yanka mini zabo. Da, kwano ɗaya muke ci muna fizgar cinya. Wannan karon aka kai mini abincin ɗaki, aka saki labule, aka bar ni ni kaɗai kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Zabon ya yi daɗi. Na ci kaɗan na rufe.

Da yamma ya raka ni inda mota ke tsayawa, shi ya riƙe mini jaka. Ya roƙi direba ya ba Malam gidan gaba. Muka yi sallama hannu biyu.

Ba a jima ba rediyo ta ce an sake lissafi, dutsen zai wuce ta gefe. Kowa ya yi hamdala a kasuwa, har da ni. Gafara na je nema kuma an ba ni ita cikakkiya, ba abin da ya rage in koma in roƙa. Ban sake zuwa Dogon Kiriya ba.