Dutsen Da Aka Kulle Hayaƙi A Cikinsa

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta ranar da fartanyata ta tono wani dutse a gonarmu ta bakin daji, bayan Randagi. Ina gyaran kunya inda ruwa ya zaftare, sai na ji ƙara kamar na daki ƙarfe. Da na wanke shi a rafi na tsaya baki buɗe. Gindinsa baƙi ne mai nauyi da ƙyalli, a kansa kuma wasu tsinaye kamar gilashi, sumul sai ka ce fiƙe su aka yi. In ka ɗaga shi ga rana, ka rantse hayaƙi aka kulle a ciki.

Da murnata na kai wa mahaifina. Yana gani fuskarsa ta canja.

"Wa ya gan ka da shi?"

"Ba kowa, Baba."

"To je ka binne. In aka ji an sami dutse mai daraja a nan, masu haƙar zinariya za su mai da gonar nan ramuka. Ka kuma san 'yan bindigar da ke biyo bayansu."

A lokacin na ɗauka tsoron tsufa ne. Yau na san yana da gaskiya.

Amma na kasa binnewa, son sani ya hana ni sakat. Ranar kasuwa na naɗe shi a tsumma, na hau babur zuwa Tsohon Birnin Gwari, wurin wani tsohon maƙeri, aminin Baba, mutum mai riƙe sirri. Ya jujjuya shi, ya ɗauko fasasshen farantin tangaran ya goga gindin a bayansa. Baƙin dutse ya bar jan layi kamar busasshen jini!

"Tama ce, ɗana," in ji shi. "Irinta kakanninmu ke narkawa su sami ƙarfe. Na saman kuwa ƙanƙara ce, ta ƙyasta wuta, sai dai mai duhu. Ba zinariya, ba lu'ulu'u."

"To hayaƙin fa, ta ina ya shiga?"

Ya yi dariya. "Wannan kam ban sani ba. Na dai ji a birane akwai masu tara irinsa su jera, don kallo kawai."

Da na koma na gaya wa Baba, ya yi ajiyar zuciya. Can sai ya ce, "Ɗauko faranti mu gani." Dattijon da ya ce in binne, shi ya zauna yana ta gogawa yana mamaki har aka kira la'asar.

Tun ranar na koyi cewa in abu ya ɗaure maka kai, kada ka binne shi don tsoro, kada kuma ka shelanta shi. Nemi wanda ya sani, mai riƙon amana, ka tambaya.