Ƙafar Malam Haruna Marini

Cikin duk shekarun da na yi a asibiti, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wadda Dakta Alabi ya fasa yi wa Malam Haruna tiyata, bayan an riga an dafa kayan aiki an shimfiɗa gado. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, bari in ba ku labarin yadda abin ya faru.

Lokacin ana gab da samun 'yancin kai, ni kuwa ina diresa a asibitin garin Bauchi. Diresa shi ne mai wanke ciwo da ɗaure shi. Nas yana samanmu, sista tana saman nas, sai likita, sai babban likita wanda a zamanin Bature ne. Ni mutumin kudancin Bauchi ne, sunana Bitrus, kuma da yake Hausa ta zauna a bakina, ni ake kira in yi tafinta tsakanin likita da majinyaci.

Dakta Alabi Bayarabe ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba aka turo mana shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne gyambon ƙafa, irin wanda yake fitowa a saman idon sawu ya ƙi warkewa shekara da shekaru. Mu dai wankewa muke yi mu sa magani, gobe mutum ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Shi ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce jijiyoyin da suke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya kashi biyu ne: akwai na sama, waɗanda ake gani a ƙarƙashin fata, akwai kuma na ciki, can cikin tsoka. A cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa. In ƙofofin suka lalace sai jini ya taru a ƙafa, jijiya ta kumbura ta murɗe kamar igiya, fata ta yi baƙi, daga baya ta fashe.

Bincikensa shi ne ya gano wanda ya fi amfani ga mutanenmu: a zare jijiyar saman da ta lalace, ko a yi ta ɗaure ƙafar da bandeji mai matsewa. Yana bin kowane majinyaci da kansa, yana auna faɗin gyambon duk zuwa. Wannan aikin ne yake fata zai buɗe masa hanyar komawa karatu ya ƙware a tiyata.

Ana cikin haka sai ga Malam Haruna daga Ƙofar Dumi. Dattijo ne dogo, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu saboda baban rini, domin tun tasowarsa a tsaye yake wuni a bakin marina. Ƙafarsa ta hagu kuwa, jijiyoyin sun yi ruɗu-ruɗu daga cinya har ƙwauri, ga gyambo kamar tafin hannu. Ya ce warin ya sa ya daina shiga sahun gaba a masallaci, yana tsayawa can baya don kada ya cutar da jama'a. Da yana faɗin haka bai dube mu ba, ƙasa yake kallo.

Babban likita da ya ga ƙafar sai ya yi murna. An sanar da shi cewa wani ƙwararren likitan tiyata zai zo rangadi daga Kaduna, kuma a hannun wannan baƙon shawarar tura Dakta Alabi karatu take. Sai aka tsara a yi aikin Malam Haruna a gabansa.

Ranar da safe sista ta sa aka dafa wuƙaƙe da almakashi, ni kuma na aske wa Malam Haruna ƙafa. Baƙo ya iso yana ofishin babban likita suna shan shayi. Dakta Alabi ya shigo ɗakin maza, ya ja kujera ya zauna a gaban majinyacin, kamar yadda ya saba. Ba ya taɓa sa wa mutum wuƙa sai ya sake yi masa bayani ya ji amincewarsa daga bakinsa. Ya ce in tambaye shi tun yaushe jijiyoyin suka fara fitowa.

Malam Haruna ya ce, "Ai na gaya muku, an daɗe. Tun bayan wata jinya da na yi."

Likita ya tsayar da ni. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Wane jinya, Baba? Ba ka faɗa mini wannan ba."

"Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, Likita, har damina ta wuce ina kan tabarma. Da na tashi sai ƙafar nan ta kumbura kamar turmi, ga zafi. Ta daɗe kafin ta saɓe. To daga nan ne."

Na ga fuskar Dakta Alabi ta canja. Ya ce in kawo masa robar ɗaure hannu. Ya ɗaura ta a ƙasan gwiwar Malam Haruna, daidai yadda za ta toshe jijiyoyin sama kaɗai, ya ce ya yi ta kai da kawowa a baranda. Ya bayyana mini cewa in hanyar ciki a buɗe take, tafiya za ta sa jinin ya bi ta can, jijiyoyin sama su lafa. Muka tsaya muna kallo. Ba a jima ba jijiyoyin suka ƙara cika kamar za su fashe, Malam Haruna ya dafa bango, gumi yana zuba.

Ya ce, "Bitrus, gaya masa ya kwance, ƙafata za ta tsage."

Likita ya kwance robar da hannunsa. Sannan ya ce mini jini ya taɓa daskarewa a jijiyar ciki tun waccan jinyar, ta toshe. Waɗannan munanan jijiyoyin na sama da muke shirin zarewa, su kaɗai ne hanyar da ta rage wa jinin. In aka cire su ƙafar za ta fi da lalacewa, mai yiwuwa ma a kai ga yanke ta.

Ya tafi ofis, ni ina biye da shi. Babban likita ya ce gwajin roba ba tabbas ba ne, ga baƙo ya sha tafiya, kuma babu wani majinyacin da aka shirya. Ya rage murya ya tuna masa abin da yake nema a wurin baƙon. Dakta Alabi ya amsa cikin ladabi cewa ya sani, amma ba zai yi aikin da yake zaton zai raba mutum da ƙafarsa ba. Ya roƙi baƙon ya zo ya ga gwajin da idonsa. Baƙon ya zo, aka maimaita, ya gyaɗa kai, aka fasa aikin. Da rana ya kama hanyar Jos.

Wanda ya fi wuyar shawo kai shi ne Malam Haruna. Ya ce, "Na yi sallama da iyalina, na ce musu yau za a raba ni da wannan abu. Yanzu in koma in ce musu me? Ko don ni talaka ne?"

Likita ya durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin likita ya yi ba. Ya ce, "Baba, ni na fi kowa son in yi aikin nan. Amma in na yi, ni zan samu, kai ka rasa."

Dattijon ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ko sallama babu.

Ranar da ya kamata ya dawo wankin ciwo bai zo ba. Da muka tashi aiki da la'asar sai likita ya ce in ɗauko bandeji, muka hau kekunanmu zuwa Ƙofar Dumi. Muka ratsa lunguna muna tambaya har muka same shi a zaure. Kunya ta hana shi korar baƙi. A nan likita ya ɗaure ƙafar tun daga yatsu har gwiwa, ya koya masa ɗora ta a kan matashi in zai kwanta. Ya kuma gaya masa gaskiya cewa tsayuwar marina ta ƙare. Maganar ta yi masa ɗaci, amma daga baya ya koma wurin masu bugun rinannun tufafi, inda ake aiki a zaune ƙafa a miƙe, ƙannensa suka riƙe rinin.

Warkewar ba ta zo da sauri ba. Gyambon yana tsukewa kaɗan-kaɗan, wani lokaci ya tsaya cik har in fid da rai. Sai da aka yi bikin 'yancin kai aka share fili kafin wata safiya na kwance bandejin na tarar fata ta rufe, sirara, mai sheƙi. Malam Haruna ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Kira mini ɗan nan." Da likita ya zo sai ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi ta sa masa albarka har sista ta juya baya tana share ido.

Karatun Dakta Alabi kuwa bai samu ba a wannan karon. Wani aka tura. Ya ƙara shekaru tare da mu kafin tasa damar ta zo, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya kafa mana doka: duk mai gyambo, kafin a yi maganar tiyata, a tambaye shi ko ƙafarsa ta taɓa kumbura bayan doguwar jinya ko haihuwa.

Na yi aiki da likitoci masu hannu, waɗanda wuƙa take musu biyayya, ina kuma girmama su. Amma a wurin mutumin nan na koyi cewa mai bincike na ƙwarai ba ya barin bincikensa ya fi majinyaci daraja a idonsa. Ku ma wata rana za ku tsaya da kayan aiki a hannu, manya suna jira, komai ya shirya. A wannan lokacin ku ja kujera ku zauna, ku ƙara yi wa mai ciwon tambaya ɗaya.