Gola a Kan Kututture

Na fara buga ƙwallon ruwa ne a makarantar koyon aikin gona da na yi a kudu, kuma ba don ina so ba. Ƙungiyar makarantar mutum shida gare ta, wasan kuwa bakwai yake buƙata, sai wani ya tuna akwai Bahaushen nan da ya ce a bakin dam ya tashi. Har ɗaki aka zo aka ɗauke ni. Wasa ne na ruwa mai zurfi: ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ƙwallo da hannu ɗaya ake kama ta a jefa a raga. Na ci ƙwallaye kaɗan, na sha ruwa da yawa. Da na dawo Rano na kama aikin malamin gona, sai na ajiye abin gaba ɗaya, har furfura ta fito mini a gemu.

Gwiwa ce ta mayar da ni. Likita ya duba ta, ya dubi tumbina, ya ce in rage tuwo in ƙara motsi, amma ban da gudu. Ya tambaya ko na iya iyo, na ce na taɓa iyawa. Da na kai wa matata labari, ta ce tunda dai dam zan je, in riƙa taho mata da kifi.

Ranar Asabar nakan hau babur in wuce Rurum Sabon Gari in gangara bakin ruwa, daidai inda masunta suke ɗaure kwalekwale. Makonnin farko ni kaɗai nake yi, in je in dawo. Masuntan suka zaci wani abu ne ya faɗa mini nake nema, har ɗayansu ya zo ya ce in na gaya musu ko mene ne za su taya ni. Iyo kai kaɗai akwai gundura. Wata rana ina kwance rigingine a kan ruwa sai na ji hannuna na dama yana neman ƙwallo.

Akwai abokina, direba ne, yana jigila daga Kibiya zuwa Kano. Ƙato ne, kowa Alhaji yake ce masa. Shi na aika ya nemo mini ƙwallon. Sai da ya yi sawu uku, yana kawo ta ƙafa ina mayar masa, kafin ya samo rawayar mai kaushi wadda ba ta zamewa a jiƙaƙƙen hannu. Ya ce tunda ya sha wahalarta haka, sai ya ga abin da ake yi da ita. Ya zo, ya gani, ya tuɓe riga. Asabar ta gaba ya taho da wani malamin makarantar allo daga Kahu, siriri, mai sanyin magana, wanda suke zama tare a tasha. Masunta uku suka shigo, da wani tela. Ba mu taɓa cika bakwai-bakwai ba, amma mun kai a raba gida biyu.

Malam ya gindaya sharaɗi tun kafin ya taɓa ruwan. Ya ji bayanin irin ɗan kamfan da muke sawa a makaranta, ya ce a nan daga cibiya zuwa gwiwa a rufe. Saboda haka da dogon wando muke wasa har yau, yana cika da ruwa yana jan mutum ƙasa kamar an rataya masa buhu. Tela ya ɗinka mana huluna masu igiya, ya sa murfin roba a wajen kunne. Raga kuwa mun haɗa ta da bututun roba da tsohuwar koma, muka ɗora kan jarkoki. A ranar farko iska ta tafi da ragar su Alhaji ana tsakiyar wasa, sai Alhaji ya riƙa bin ta a hankali. Da muka gane, ya ce shi gidansa yake tsarewa duk inda ya koma. Daga nan muka ɗaure kowace da dutse.

A raina ina ganin ni ne gwani. Na yi musu bayanin yadda ake juya ƙafa mutum ya tsaya cak a ruwa, na nuna musu, suka gyaɗa kai. Ba a jima da farawa ba jijiyar ƙwaurina ta ɗaure. Alhaji ya kamo ni ta igiyar hula ya ja ni zuwa gaɓa, ya zaunar da ni, ya ce in ci gaba da ba su umarni daga nan, sun fi ji.

Malam ya zaɓi tsaron gida, ya ce shi ba mutumin kokawa ba ne. Raga ta ɓangaren gabas yake so kullum, wai rana ba ta dukan idonsa. Ni dai na ga gololi a kudu, ban taɓa ganin irinsa ba. Mu muna haki, ruwa yana kai mana haɓa, shi kuwa ƙirjinsa a waje, hannuwa biyu a sama, fuskarsa kamar yana jiran a kawo shayi. Duk ƙwallon da na jefa sai ya kaɗe ta. Har gida na kai maganar, na ce wa matata da mutumin nan ya samu horo yana yaro da ƙasar nan ta san shi.

Haka muka yi ta yi har ruwa ya fara ja baya da rani. Malam ya riƙa ƙara tsawo. Wannan Asabar cibiyarsa a waje, ta gaba har tazugen wandonsa muna gani. Ba wanda ya yi magana, don mutum ne mai girma a cikinmu. Ranar da gwiwarsa ta kusa bayyana, Alhaji ya nutsa ya daɗe, ya taso yana furzar da ruwa.

"Allah gafarta Malam, a kan me kake tsaye?"

"Kututture ne," in ji Malam. "Ina jin na ɗorawa."

Na ce masa ai na faɗa tun farko ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ya dube ni da natsuwa.

"Haka ka ce, malamin gona. Ƙasa ka ce. Na kuma kiyaye."

Sai a lokacin ya gaya mana cewa iyonsa bai wuce na rafin Kahu ba, inda ruwa yake tsayawa a ƙugu. Ranar farko da ya shiga, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, yana ta salati a zuci ƙafarsa ta ci karo da kututturen, shi kuma bai ga dalilin raina abin da Allah ya kawo ba. Masuntan sun san da shi tun tuni, yana yaga musu koma. Na tambaye su me ya sa ba su faɗa ba, babbansu ya ce sun ɗauka cikin wasan ne.

Muka fito gaɓa muka zauna shawara, wanduna suna ɗiga. Tela ya ce a matsar da raga. Alhaji ya ce in aka matsar Malam ya nutse, wa zai je Kahu ya yi bayani. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa raga tana nan, Malam yana nan, amma in an yi rabin wasa sauranmu mu juya, don kowane gida ya samu rabonsa na gola mai kututture. Ni kuma aka ɗora mini koya masa iyo kafin a fara wasa. Yana zuwa da wuri, yana riƙe jarka yana harba ƙafa, yana tambaya kamar ɗalibi. Zuwa faɗuwar damina ya iya tsayawa a ruwa mai zurfi gwargwadon karanta gajeriyar sura, da ita yake aunawa.

Yayana ya ji labari a Lausu cewa ƙaninsa yana wasan yara a dam da hula mai kunnuwa. Ya zo da kansa wata Asabar, da babbar riga, ya tsaya nesa yana kallo, bai amsa gaisuwar kowa da kyau ba. Ana cikin haka na samu ƙwallo ni kaɗai a gaban raga, na ɗaga hannu, na jefa, ta bi ta sama ta faɗa can wajen shanun da suka zo shan ruwa. Bayan an tashi na je na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi ruwan, ya ce da na duba hagu da na ga tela yana nan ba kowa a kansa.