Lokacin da aka ɗauki zanen yatsun maigidana

Maigidana mai gyaran famfo ne. Tun zuwanmu Greensboro a Amurka aikin da yake yi ke nan, gida-gida. Cikin masu kiransa akwai wani dattijo Bature a Summerfield, yana zaune shi kaɗai da dawakinsa. Wata Laraba ya je ya canza masa bututu a ɗakin girki. A ƙarshen makon aka tsinci gawar dattijon a ɗakin girkin nan, an buge shi a ka.

'Yan sanda suka zo gidanmu a unguwar Glenwood da hantsi. Ba su ɗaga mana murya ba. Suka ce ya biyo su a ɗauki zanen yatsunsa, a goga masa auduga cikin kunci don gwajin ƙwayar halitta, wai haka ake yi wa duk wanda ya shiga gidan a makon, don a ware nasa daga na wanda ake nema. Ya je ya dawo, ya ci abinci, ya koma aiki. Ranar Lahadi ya tashi a coci ya roƙi a sa mu a addu'a. An yi addu'ar kuwa. Daga nan kowa ya zama mai bincike.

Muna raba shinkafa bayan sujada, wata Anti da ke aiki a gidan kula da tsofaffi ta ja ni gefe.

"Ƙanwata, ba a goga wa mutum auduga a baki haka kawai. Sun sami wani abu a ƙarƙashin farcen mamacin, shi suke so su gwada. Ni kullum ina kallon shirye-shiryen 'yan sandan nan a talabijin."

"Anti, sun ce kowa ake yi wa."

"Haka za su ce mana."

Abin da labarai suka faɗa kawai shi ne an yi amfani da abu mai nauyi. Kafin mako ya zagayo, abu mai nauyin ya zama sifana, irin ta masu gyaran famfo. Wani direban babbar mota ya tare ni a wurin ajiye motoci, ya bayyana mini yadda ake gane bahago daga feshin jini a bango, sannan ya tambaye ni da wane hannu maigidana yake aiki. A zaurenmu na waya an sa hoton gidan, an zagaye sawun taya da jan layi, ana gardama ko na motar kaya ne irin ta maigidana. Ina cikin zauren, sun kuma sani.

Masu goyon bayanmu ma ba su bar ni na huta ba. Alhaji maƙwabcinmu, mutumin kirki, yakan shigo da yamma ya jera kofuna da cokula a teburinmu: wannan ƙofa, wannan mamacin, wannan ɓarawon. Ya rantse zanen yatsa ba ya wuce kwana kaɗan a jikin ƙarfe. Washegari wani ya ce yana shekaru. Yayana ya kira daga Jos ya ce mu wanke kayan aikin da bilic. Na ce ba za mu taɓa komai ba, ya yi fushi. Ni kuwa na yi wuni a tsaye a wurin aiki, na dawo na dafa wa mai bayani shayi, na zauna ina gyaɗa kai.

Duk wannan maigidana aikinsa kawai yake yi. Sai wata safiya yana ɗaura takalmi, ya tsaya.

"Maman yara, na kasa tuna ko na taɓa ƙofar baya. In na taɓa, kuma ta nan mutumin ya shiga, nawa zai hau kan nasa ne ko nasa kan nawa?"

"Don Allah, ban da kai," na ce. "Kowa ya yi, amma ban da kai."

Ya dube ni, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Sai da ganye ya fara zuba aka kama wani ɗan'uwan dattijon a wata jiha. Ba farce, ba sawun taya. Shi ya faɗa wa budurwarsa da bakinsa, ita ta kai shi ƙara. A labarai muka ji, 'yan sanda ba su sake neman mu ba.

Lahadin da ta biyo, Anti ta rungume ni, ta ce ai tun farko ta san na gida ne. Kafin na amsa ta juya ga sauran mata, suka shiga lissafin ko da hannun budurwar a ciki. Na rufe kulata na tafi mota. Muna isa gida na kwanta da kayan cocin a jikina, ban farka ba sai da 'yata ta tashe ni, tana tambaya da Turanci me za a ci.