Akwatin Rana da Darbejiyar Tsakar Gida

Ko tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar Asabar ɗin da na hau kan soro da tukunyar wake, alhali masu gatari biyu na zaune a ƙofar gida suna jiran a ce su fara. Shekaru sun ja, amma har yau in na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu sai abin ya dawo mini kamar jiya.

Lokacin soja ke mulki. Kullum rediyo na faɗin ƙasarmu ta yi arzikin mai, amma mu a Ƙofar Atiku abin da muka sani shi ne in kana son kananzir kwalba guda sai ka wuni a layi, soja na zagayawa da bulala. Itace kuwa, da a kan jaki ake kawo shi daga bayan gari. A wannan lokacin sai mota ta yi nisa kafin ta samo, don dajin kusa mun cinye shi, fari ya ƙarasa sauran. Ni ko sana'ata a kan wuta take. Tun da maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu nake dafa shinkafa da wake ina sayar wa leburori da masu shagunan bakin titi.

Darbejiyar shi ya dasa ta. Ya karɓo ta tana 'yar tsiro a leda lokacin da hukuma ke rabawa bayan farin. Ruwa na wuya, sai ya mai da gindinta wurin alwalarsa, sau biyar a rana. Da wannan ruwan ta girma. Bai daɗe yana shan inuwarta ba Allah ya karɓi abinsa. Wansa, wanda muke ce wa Yaya, mai sayar da hatsi, shi ne babba a gidan, kuma ya daɗe yana son a sare ta. Ba zan yi masa ƙarya ba yanzu da ƙasa ta rufe shi: saiwarta ta tsaga bangon ɗakinsa, ga iyali masu yawa, ga tsadar itace. Abu biyu suka tare shi. Soja sun hana sare bishiya sai da takardar ofishin gandun daji, sannan ga bakina, wanda unguwa duka ta san shi.

Na haura arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci, wadda muke zuwa bayan la'asar. Wata rana malamarmu ta shigo da wani mutum siriri mai tabarau, ta ce daga jami'a yake, can wajen Kwalkwalawa. Ya ajiye wani akwatin katako a gabanmu, cikinsa baƙi ƙirin, an rufe shi da gilashi, ga madubi a marfinsa. Ya ce wannan murhu ne, da zafin rana yake dafa abinci. Ya ce man da muke taƙama da shi a rijiya yake, wata rana zai ƙafe, kuma Turawan da ke saye sun fara neman yadda za su daina dogara da mu, rana suke bi, su da ba su cika ganinta ba. Mu kuwa tana gasa mu kyauta muna zaginta, muna sare daji, hamada na matsowa.

Ni na ce, “Malam, wanga akwati naka shina tuƙa tuwo?”

Ya ce, “Ba ya tuƙawa, Inna. In kika buɗe shi zafin ya tsere.”

“Da dare hwa?”

“Da dare ba ya aiki.”

Na ce, “Ashe ma'aikacin gwamnati ne. Shi zo da hantsi, la'asar na yi shi tashi.”

Aji ya kaure da dariya, shi ma ya yi har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Abin da ya sa na yarda da shi ke nan: bai yi fushi ba, bai kuma yi mini ƙarya ba. Ya ce tuwo ya fi ƙarfinsa, amma shinkafa da wake zai dafa su ba tare da ko tsinke ba. Da ya ji sana'ata, ya ce ni za a fara ba in gwada, in riƙa rubuta masa abin da na dafa da lokacin da ya nuna.

Kuskuren da ya yi guda ne, kuma ni ma na taya shi: bai taɓa shiga gidanmu ba, ni kuma ban tuna in gaya masa tsakar gidan duk inuwa ce ba. Ranar da aka kawo akwatin ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, ga darbejiya ta rufe ko'ina, rana sai ɗigo-ɗigo a ƙasa. Muka ja shi nan, muka ja shi can. Kwana uku ina zuba wake da safe, da yamma in tarar ya jiƙa ya yi tsami. Yaya na wucewa yana leƙawa, ni kuma leƙen nan nasa bai kwanta mini ba.

Ranar Alhamis da yamma sai ga shi da mutum biyu suna zagaya bishiyar suna bubbuga ta. Na fito na ce lafiya? Ya ce, “Lahiya lau. Akwatin gwamnati na son rana, wanga icce ya tare. Jibi za a kada shi. Ga takarda, 'yar boko, in kina iyawa ki karanta.” Ya miƙo mini yana murmushi, don ya san da Turanci aka buga ta.

Gaskiyarsa, ban iya Turanci ba, har yau ma sama-sama ne. Amma suna ba shi da Turanci. Na bi layin da yatsa har na ci karo da sunana, abu na farko da na fara koyon rubutawa a duniya. A ƙasansa kuma ga dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada. Wato ni ce na roƙi hukuma a sare itacen mijina. Na mayar masa da takardar na shige ɗaki.

Da safe na hau bas zuwa jami'a, ina tambayar duk wanda na gani ina mai akwatin rana. Na same shi a wata rumfa cike da gilasai. Da na gama bayani ya nemi wuri ya zauna. Ashe Yaya ya je ya ce ni na aiko shi, a rubuta cewa akwatin na buƙatar fili marar inuwa, shi kuma ya rubuta wasiƙa da zuciya ɗaya, ita aka haɗa da takardar dangwalen aka kai ofishin gandun daji. Ya ce, “Inna, na bar komai don a daina sare itatuwa, ga shi da hannuna na sa a sare naki.” Na shigo da niyyar wanke shi tas, amma da na ga idonsa sai tausayi ya kama ni. Ya ce ranar Litinin zai je ofishin ya janye. Na ce Litinin ai gawayi za a tarar. Ya tambaye ni ko akwai inda rana ke wuni a gidan. Na ce sai dai kan soro. Ya dube ni da mamaki, don ɗan gari ne, ya san mace ba ta hawa soro a cikin birni. Na ce masa shi dai ya zo gobe da hantsi.

Ga abin da na lissafa a cikin bas. Ni bazawara ba zan kai wan mijina ƙara wurin mai unguwa ba, kafin in buɗe baki za a ce in koma gida a sasanta, kafin a sasanta kuwa an kada itace. Amma in ni aka kai ƙara, dole a zaunar da ni a ji ta bakina.

Asabar da sassafe abokan karatuna mata biyu suka zo. Muka jingina tsani, muka ɗaure akwatin da igiyar guga. Al'adar birni ce, magini in zai hau rufi sai ya ɗaga murya ya sanar, don maƙwabta su kimtsa, tunda makewayinmu duk ba rufi. Na cika ƙirji na ce, “A kimtsa, za a hau bisa!” Unguwa ta ji muryar mace. Na hau da tukunyar shinkafa da wake, muka jawo akwatin sama. Kafin in gama saita madubi maƙwabcinmu, wani tsoho mai sayar da yadi, ya fice da buta a hannu sai gidan mai unguwa.

Masu gatari na ƙofar gida suna wasa kaifi ke nan mai unguwa ya shigo zaure, ya ce kada a taɓa komai a gidan sai ya ji zancen. Aka kira ni na durƙusa a bakin ƙofa. Tsohon ya ce, “Ranka shi daɗe, ina cikin makewayi sai na ga kan mace bisa gare ni. Mi anka mai da mu?”

Na ce, “Baba, na yi sanarwa. Kuma wallahi ban dube ka ba, waken da ke gabana ya fi ka ban sha'awa.”

Mai unguwa ya danne dariya ya ce in iya bakina, in faɗi abin da ya kai ni. Na ce rana na je nema, don kada a ce sai an sare itace za a same ta. Na roƙi Yaya ya nuna takardarsa. Ya fito da ita da ƙarfin gwiwa. Malamin jami'a, da ya iso yana gumi, ya karanta wa kowa da Hausa, ya ce shi bai nemi a sare ko reshe ba, in kuwa aka sare zai ɗauke akwatinsa ya je ya faɗi yadda aka yi. Sai na ce a ba ni biro. A bayan takardar na rubuta sunana, a hankali, harafi bayan harafi. Na ce, “Ranka shi daɗe, shekara guda ke nan da na bar dangwale. Wanga yatsa ba nawa ba ne. In ana so a gwada na kowa, a fara da ni.”

Ba wanda ya nemi a gwada. Yaya ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A zamanin soja takardar ƙarya ba wasa ba ce, kowa a zauren ya san haka, kuma na ga gumi na bin wuyansa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Bangona na faɗuwa, ranka shi daɗe. Damina na tahe.” A nan zuciyata ta yi sanyi. Na ce ni ba ɗauri nake nema masa ba, uban 'ya'yana ne yanzu. A haƙa a datse saiwar da ta shiga ɗakinsa, a rage reshen da ke kan rufinsa, amma uwar ta tsaya.

Ana cikin haka na ce a yi mini uzuri, lokacin juya akwati ya yi, don bin rana yake. Na sake kwala sanarwa na hau. Tsohon maƙwabci ya ce, “Kun ji ko? Sau nawa za mu riƙa kimtsawa a wuni?” Mai unguwa ya yanke cewa a kewaye soron da zana ta yadda ba na ganin gidan kowa. Ana kiran azahar na sauko da tukunya a cikin tsumma, na buɗe ta a zaure. Tururi ya tashi. Wake ya yi luguf, shinkafa warawara, ba ƙauri, ba toka. Na zuba mai da tonka, wato dakakken barkono. Mai unguwa ya ci, malamin ya ci yana kallon ƙasa kamar zai yi kuka, masu gatari suka ci suka ɗauki kayansu. Yaya ne ƙarshen sa hannu. Ya tauna ya ce, “Gishiri ya yi kaɗan.” Iyakar haƙurin da ya taɓa ba ni ke nan, kuma na karɓa.

Akwatin bai raba ni da itace ba, tuwon dare da girkin damina sai murhu, amma ya rage mini sosai. Har matar tsohon nan ta riƙa miƙo tukunyarta ta kan katanga. Na yi shekaru da shi kafin gilashin ya fashe. Na je jami'a na tarar gwamnati ta canza, rumfar a kulle, malamin ya yi furfura yana ta rubuta wasiƙun da ba a amsawa. Yanzu da nake ganin farantan sola a kan rufin gidaje ana ta shigo da su daga ƙasashen waje, shi nake tunawa, in ce da an saurare shi da mu ke sayar musu.

Abin da na koya shi ne, duk mai son gyara ƙasa, komai kyan niyyarsa, ya fara shiga tsakar gida ya ɗaga kai ya ga abin da ke wurin kafin ya sa hannu a takarda. Mu na cikin gida kuma kada mu yar da abin alheri don bai zo daidai da mu ba, mu nema masa wuri ko da sai an hau tsani. Darbejiyar na nan, a inuwarta na rubuta wannan, kuma a gindinta nake alwala.