Rijiyar da Hanya Ta Danne

Mahaifina mahaƙin rijiya ne, a hannunsa na koyi sana'ar. A shekarun da Nasara ke kwasar mu aikin tilas, aka ja hanyar mota daga Damagaram ta bi ƙauyenmu a ƙasar Dogo, taku uku daga bakin rijiyarmu.

Baba ya sami gardin da aka ɗora a kanmu, wani dogarin Nasara mai jar hula da cika baki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nauyin mota ba a sama yake tsayawa ba. Nutsawa yake, ya bazu gefe da gefe, ya tura bangon rijiya. A ɗan karkata hanyar mana."

Gardi ya ce yaushe gafiya ta fara koya wa Nasara aiki. Bulala biyar ya zuba masa a gaban matan da suka zo ɗiban ruwa.

Kaka biyu motocin gyaɗa suna wucewa, kowace ta wuce sai mu ji yashi na zuba cikin ruwa. Ranar da Baba ya shiga yasar rijiyar, ina riƙe da igiya, wata mota ta taho da lodi har sama, bango ya rufta. Igiyar kaɗai na jawo.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba gardin ya ce a cike ramin, a faɗaɗa hanya ta kansa, kuma ni ya sa. Na cike kuwa. Karan gero da ƙaiƙayi na danƙara har kusan baki, na zuba jar ƙasa kamu biyu, na daɓe ta sumul. Ya taka da takalminsa, ya ce na fi ubana hankali.

Jakuna suka wuce, raƙuma suka wuce, ƙasa shiru. Ban damu ba. Na san damina na ruɓar da kara, na kuma san shi ke hawa motar farko ta kaka don duba hanya.

Da kaka ta zo, ƙafar motar ta baya ce ta nutse. Motar ta karkace, direba ya dira, gardi ya sulale cikin ramin tare da buhuna.

Aka yi ta neman mahaƙi, ni kaɗai na rage a ƙauyen. Na leƙa, yashi ya kai masa ƙirji, yana kirana ɗan'uwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, igiyar Baba na gida."

Gidanmu ba nisa. Ban taɓa tafiya a hankali kamar ranar ba, kuma har yau ban yi nadama ba.