Haƙarƙarin Rago da Miyar Kindirmo

Maigidana ya ci girkin nan a Konni, ya dame ni sai na koya. A soya haƙarƙarin rago, a zuba karas da kabeji da albasa, kindirmo daga ƙarshe, a rage wuta kada ya tsinke. Ranar da miyar ta yi kauri yadda yake so, ranar motar da ya shiga ta kife a hanyar Araba, ya rasu.

Gidan mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci. Kafin nasu ya iso, masu gaisuwa suka gano tukunyata, suka cinye tas. Ina zaune, gwaggonsa ta matso, bakinta duk maiƙo. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta rage murya.

"Ɗiyata, mi kinka sa cikin miyar ga?"